Ƙarancin Gwanayen Lissafin Inshora

Gobarar tankar mai da ta ci kasuwar Ochanja a Anaca cikin 2019 ta isa ta tuna wa mai rumfa a Borokiri amfanin inshora. Amma kafin kamfani ya yanka masa abin da zai riƙa biya, sai gwani ya auna haɗarin da lissafi, watau akcuwari. Irin waɗannan gwanaye sun yi ƙaranci a Nijeriya, ga shi dokar inshora ta 2025 ta ƙara wa kamfanoni nauyi. Su ma na takaful, da Musulmi suka fi natsuwa da su, suna bukatarsu.

Jami'ar Ikko da ta Ahmadu Bello a Zariya suna koyar da fannin, to amma digiri somin-taɓi ne. Sai yaro ya bi jerin jarrabawar ƙungiyar gwanayen ta Ingila ko ta Amurka, yana aiki yana karatu, shekara da shekaru. Da fam ko dala ake biya, kuma tun karyewar naira a 2023 kowace takarda ya faɗi, asarar mai ciwo ce. A nan iyaye kan gaza, sai fa in kamfanin da ya ɗauki yaron ya yarda ya biya.