Uwar Kuɗi Ba Riba Ba Ce

'Yan uwana mata, yau faɗa zan yi, wadda ta ji haushi ta yi haƙuri. Tun daga Kuki har cikin Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya ki shiga gida ba ki tarar da mai sana'a ba: wannan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, waccan awara, wata ɗinkin hula. Amma tambaye ta ribar wata guda, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, ana samu." Nawa ake samu? Shiru. Ran da jari ya karye kuma a ce sammu ne ko bakin kishiya.

Ba wani sammu, rashin lissafi ne. A ce kin sayi gyaɗa ta naira 20,000, kin sayar da mai da ƙuli na 26,000. Kina ta murna wai kin ci 6,000. Ina kuɗin niƙa? Ina na itace? Ina kwalba biyun da kika juye a miyar gida? Cikin cinikin nan ma 4,000 na hannun maƙwabta, ba su shigo gwangwani ba. Ga maigida ya leƙo, "Ara mini 3,000 zuwa Juma'a," kin miƙa, kin ji kunyar rubutawa. Wallahi uwar kuɗi kike ci kina kiranta riba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa rubuta lissafi sai 'yan boko, irin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Haba! Ai darasin farko da ake koya wa duk mai karatun akanta bai fi ƙarfinki ba: aljihun sana'a daban, aljihun mai sana'a daban, kuma naki shi ne abin da ya rage bayan an cire bashin da ake bin ki. Masu cewa rowa ce kuwa su ji tsoron Allah. Tun kafin Luca Pacioli ya buga littafin lissafin 'yan kasuwa a Italiya a 1494, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, ta yi umarnin a rubuta bashi.

Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, can baya masu bashi. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ɗanta ya rubuta mata. Bashin maigida shi ne a layin farko.