Ƙasar noma ba ta dawowa da kuɗi

A wasan kwamfuta na gina birni mai suna Cities: Skylines, wanda ya fito a 2015, ƙasa abin ƙidaya ce. In ɗan wasa ya haƙa kwari sai ta taru masa a ma'aji, in zai tada tudu sai ya ɗiba daga can, ranar da ta ƙare aiki ya tsaya. Wannan lissafin ne nake ganin ya kamata mahukuntan Agye, Gazawa da Gidan Rumji su riƙa yi kafin su yanka filayen gini ko su bar masu bulo su haƙa inda suka ga dama.

Sai dai namu ya fi na wasan tsanani, domin a can duk ƙasa ɗaya ce. A jigawar Maraɗi kuwa albarkar gona tana cikin ɗan saman nan ne mai duhu, wanda ganyen gawo da kashin dabbobi suka yi shekaru suna haɗawa. Manoman yankin sun fi kowa sanin wahalar da aka sha. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 iska ce ke binne shukar hatsi da rairayi, har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku. Sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983, shi ya juya lamarin: a bar kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a sassabe saura. Ƙauyen Ɗan Saga na Agye har kwamitin tsaron itace ya kafa, kuma masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Abin da aka gina cikin shekaru 40, amalanke na iya kwashe shi cikin rani guda, ya bar kududdufi.

Za a ce jama'a na ƙaruwa, siminti ya fi ƙarfin talaka, dole a yi ɗaki. Gaskiya ne, ba wanda ke cewa a daina gini da laka. Abin da ake nema shi ne kowace karamar hukuma ta ware wurin haƙa a ƙasa mai tauri da ba ta ba da amfani, ta hana taɓa gonakin gawo da fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba. Wasu kuma za su ce gona ta mai ita ce, ya sayar da ƙasarsa in ya so. Amma ramin da ya bari ba ya tsayawa a iyakarsa: ruwan damina na cin gefensa har ya shiga gonar maƙwabci, wanda bai karɓi ko dala ba.