DAGA TUDUN JOS: Kome Ƙanƙantar Allura Ƙarfe Ce

A wannan mako filin namu zai duba batun mawaƙa da makaɗa da masu sana'ar hannu na ƙabilun Jihar Filato, da wata tambaya da ta daɗe tana jiran amsa, watau me ya sa garin Jos yake ta haihuwar gwanaye, amma harsunan da suka kewaye shi ba su cika cin moriyarsu ba? Domin a fahimci maganar sosai, za mu fara yin nisan zango zuwa wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar Tekun Fasifik.

Sunan tsibirin Rotuma. Yana ƙarƙashin ƙasar Fiji, fiye da kilomita 450 arewa da manyan tsibiranta, kuma faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 50 ba. Sarakunansa sun miƙa shi ga Ingila a 1881, sa'an nan ya bi Fiji lokacin da ta sami 'yancin kai a 1970. Mazauna cikinsa ba su kai mutum 2,000 ba. Ƙidayar Fiji ta 2007 ta sami 'yan Rotuma kimanin 10,000 a ƙasar baki ɗaya, ban da waɗanda suka bazu a Niyu Zilan da Ostareliya da sauran wurare. A taƙaice, unguwa guda ta cikin Jos tana iya fin su yawa. Suna da harshensu na kansu wanda ya bambanta da na Fiji, kuma galibin 'ya'yansu a ƙasashen da ake jin wasu harsuna suke tasowa.

Duk da haka, a 2004 wani ɗan tsibirin, Shehun Malami Vilsoni Hereniko na Jami'ar Hawai, ya fitar da cikakken fim mai suna The Land Has Eyes, ma'ana ƙasa tana da idanu. A Rotuma aka ɗauke shi, galibin maganar cikinsa da harshen Rotuma aka yi ta, yawancin 'yan wasan kuma mutanen ƙauye ne da ba su taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto ba. An nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a Amurka. Labarin wata yarinya ne wadda aka yi wa mahaifinta ƙazafin sata, tafintan kotu kuma ya murɗe maganarsa a gaban alƙali har aka same shi da laifi. Duk dattijon da ya ga zamanin Joji da Di'o ya san abin da tafinta yake iya yi wa wanda ba ya jin harshen mai mulki.

Hereniko ba shi kaɗai ba ne. Akwai ƙungiyar Rako Pasefika, wadda Letila Mitchell take cikin waɗanda suka kafa ta, mai ɗaukar raye-raye da waƙoƙin tsibirin tana yi musu sabon tsari domin dandalin zamani. Akwai Sofia Tekela-Smith, wadda ta yi ƙuruciyarta a Rotuma, ta yi suna a Niyu Zilan wajen ƙera kayan ado da ɓawon halittun teku. Akwai Hupfeld Hoerder, sanannen mai tsara tufafi a Fiji. Daɗin daɗawa, ko da yake 'yan Rotuma ba su cika 1,000 ba a ƙidayar Niyu Zilan ta 2018, sun yi ta naci har gwamnatin ƙasar ta amince da Makon Harshen Rotuma a 2020, ana yinsa cikin watan Mayu. Abin lura shi ne waɗannan mutane sun ɗauki gadonsu a matsayin jarin yin sabon aiki, ba su bar shi a ɗakin ajiya ba.

To, mu dawo gida. Jihar Filato tana da ƙabilu fiye da 40, kuma da dama daga cikinsu, irin su Berom da Ngas da Tarok da Mwaghavul da Goemai, kowacce ta ninka 'yan Rotuma sau da yawa. Kayan aiki kuwa Jos ba ta da na biyu a Arewa. A nan Bernard Fagg ya buɗe Gidan Tarihi a 1952, inda aka ajiye sassaƙen yumɓu na Nok. A harabarsa akwai tarin tukwanen da Sylvia Leith-Ross ta tattaro daga sassan ƙasar nan, da kuma gidan adana gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. A nan ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979, da makarantarta ta koyon aikin fim, da Kwalejin Talabijin ta NTA, ga kuma Jami'ar Jos wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1975. Abin da mutanen Rotuma suke ƙetare teku su nema, mu yana bakin ƙofarmu.

Gwanaye ma ba mu rasa ba. Marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa har duniya ta san sunan garin nan. Tagwayen P-Square a Jos aka haife su. M.I. Abaga da ƙanensa Jesse Jagz a nan suka tashi. Panshak Zamani, wanda aka fi sani da Ice Prince, ɗan ƙabilar Ngas ne, kuma ya ci lambar BET ta Amurka a 2013. Amma mai karatu ya lura da wani abu. Waƙar da ta ɗaukaka Ice Prince a 2010, watau Oleku, da Turanci da Yarbanci aka yi ta. Jeremiah Gyang, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida cewa daga gidan Berom ya fito, da waƙar Na Ba Ka ya yi fice, Hausa da Turanci ke nan. Waƙa da harsunan Filato tana nan, ba a daina ba, sai dai galibinta ta tsaya a cikin coci da wuraren biki, ba ta cika ƙetare iyakar ƙabilar da ta yi ta ba.

Ba za mu ga laifin mawaƙan ba, domin mawaƙi ɗan kasuwa ne, inda masu saye suke nan yake kai hajarsa. Tushen al'amarin ya girme su. Tun farkon ƙarni na 20, lokacin da haƙar kuza ta jawo leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina, Hausa ta zama harshen barikin ma'adinai da kasuwa. Masu wa'azin Kirista suka same ta a shimfiɗe suka hau, musamman bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ko sunayen da aka daɗe ana kiran ƙabilun da su, irin su Angas da Sura da Yargam da Ankwai da Jarawa, ba su ne masu su suke kiran kansu ba. Daga baya ne suka tsaya kai da fata har aka koma ga Ngas da Mwaghavul da Tarok da Goemai da Afizere. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko kuwa harshen da aka fi ji a inda yake, amma a cikin garin Jos wannan harshe na biyu Hausa ne ko Turanci. Sakamakon haka, yau akwai gidaje da yawa inda kaka take magana da harshenta, jika yana ba ta amsa da Hausa.

A nan ne maganar ta shafe mu, mu masu karanta wannan jarida. Kullum muna kukan cewa Turanci yana cinye Hausa a bakin 'ya'yanmu, kuma kukan yana da dalili. Amma a kan wannan tudu Hausa ce babban kifin. Wanda ya san zafin ganin ɗansa yana in-ina da harshen ubansa bai kamata ya yi wa maƙwabcinsa dariya ba idan ya ji shi yana irin wannan kuka. Hausawa kan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya fi kyau ma ka taya shi kashewa tukuna. Hausa ba ta yin asarar kome idan Berom ya rayu, kuma harshen da ya zama gada tsakanin jama'a ya fi daraja idan akwai gari mai rai a kowane gefen gadar.

Kada kuma a manta da halin da garin nan ya shiga. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na 2010, sun raba unguwanni, har aka kai matsayin da mutum yake lissafi kafin ya bi wata hanya. Babbar kasuwar Taminus, inda kowa yake haɗuwa da kowa, ta ƙone a 2002. Yaran da aka haifa bayan wannan sun taso da sanin maƙwabtansu ta bakin jita-jita. Waƙa ba ta maye gurbin adalci da shari'a, amma da wuya ka ɗauki mutum dodo bayan ka yi rawa da kiɗan gidansu.

Bukukuwan shekara irin su Nzem Berom da Pusdung na Ngas da Puus Kaat na Mwaghavul sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen riƙe gado. A irin waɗannan taruka ake jin kundung, kayan kiɗan Berom na katako da ƙahonin shanu, ake kuma kallon masu busar Asharuwa na Afizere. Sai dai abin da ake fito da shi sau ɗaya a shekara a mayar cikin akwati ya kama hanyar zama kayan Gidan Tarihi. Marigayiya Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, ta nuna wata hanyar. Ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954, ta koyi sabuwar dabarar gashi da sheƙi, amma ba ta yar da zanen kadangaru da kifaye da kunamu na gidansu ba. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20. Dukawan Naraguta da masaƙa da teloli matasa na Jos suna da darasi a nan.

Saboda haka muna kira ga makarantar koyon aikin fim da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos da su ƙarfafa ɗalibai su yi aikin kammala karatunsu da harsunan jihar, a rubuta fassarar Hausa da Turanci a ƙasan hoton. Gidan Rediyo da Talabijin na Jihar Filato ya ware lokaci mai kyau, ba tsakar dare ba, domin sababbin waƙoƙin waɗannan harsuna. Ƙungiyoyin raya ƙabilu su rage wani abu daga kuɗin rumfa da abincin manyan baƙi, su biya wa matashi guda kuɗin ɗaukar faifai. Masu shirya fina-finan Hausa na Jos kuwa, waɗanda suka ƙware a harkar, su buɗe ƙofa su yi aikin haɗin gwiwa da 'yan'uwansu, domin riba ce ga kowa. Mawaƙan da suka yi suna a Legas su ma ana binsu bashi, ko da waƙa ɗaya ce a kowane faifai.

Idan jama'ar da ba ta cika unguwa guda ba ta iya kai harshenta gaban duniya, ƙarancin yawa ya daina zama hujja a Filato. Dattawan da suka san waƙoƙin noman acca da na farauta suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ba a karɓa daga bakinsu yau ba, gobe ba za a same shi a ko'ina ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya da fahimtar juna, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.