Kada Takardar Shiga Makaranta Ta Tsufa A Cikin Akwati

Kowace shekara idan damina ta ja baya, aka fara yankan shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi, mukan ji shaida mai daɗi a majami'unmu. Yaro ko yarinya su miƙe gaban jama'a su ce sun gode wa Allah, hukumar JAMB ta ba su gurbin karatu. Ikilisiya ta ɗauki tafi, Zumuntar Mata su rangaɗa guɗa, Fasto ya sa albarka. Bayan wata uku sai mu ga yaron nan yana kabu-kabu a bakin tasha, yarinyar kuma tana taya uwarta suya a bakin kasuwa. Idan an tambaya, a ce ai kuɗin rajista ne ba su samu ba har aka rufe. Takardar tana nan cikin akwati, an naɗe ta a leda. Wannan shaida ta biyu babu mai miƙewa ya ba da ita ranar Lahadi, mu kuma da muka yi tafi ba mu sake tambaya ba.

Mun san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka haura, jami'o'i da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. Amma duk da haka muna ganin rashin kuɗi kaɗai bai isa ya zama dalilin dukan wannan asara ba. Akwai rashin tambaya, akwai rashin shiri, akwai kuma sakacinmu a matsayin ikilisiya.

Mu fara da zaɓen makaranta. Yawancin 'ya'yanmu sukan cika takardar JAMB a shagon kwamfuta, su zaɓi makarantar da sunanta ya fi daɗin faɗi, ko wadda abokinsu ya zaɓa, ba tare da an zauna da iyaye an yi lissafi ba. Alhali kuwa jiharmu ta yau ta wuce wadda aka cire daga Sakkwato a 1991. Muna da jami'ar jiha a Aliero tun 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a cikin Birnin Kebbi, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana nan Sakkwato kusa da mu. Ɗan Argungu da zai kwana a ɗakin mahaifinsa ya ci tuwon gida ya tafi aji, ya riga ya sauke wa iyayensa kuɗin haya da na abinci da na mota, waɗanda sau da yawa sukan fi kuɗin rajistar kansa nauyi. Bugu da ƙari, a tsarin ɗaukar ɗalibai na makarantun tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da makarantar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, Kebbi kuwa tana cikinsu. Ke nan ɗan jihar nan da ya zaɓi kusa da gida ya fi kusa da samun gurbi, kuma ya fi kusa da iya riƙe shi.

Saboda haka kafin a cika takarda, a aiki wani ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai ya tambaya: nawa ne kuɗin shekarar farko gaba ɗaya, akwai ɗakin kwana a cikin makaranta, ana yarda a biya kashi-kashi, akwai wani taimako da ake yi wa marayu da marasa hali? Matambayi ba ya ɓata. Makarantar da ta dace da ɗan talaka ita ce wadda zai iya gamawa.

Sai batun lamunin ɗalibai. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023, amma ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, har da kawo masu tsaya wa ɗalibi. A watan Afrilun 2024 aka sake dokar aka cire waɗannan, sannan asusun da ake kira NELFUND ya fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na wannan shekarar. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, aka kuma fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don abinci da 'yan buƙatu. Babu kuɗin ruwa a kai. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan an gama hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, kuma ana neman lambar JAMB, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar shaidar banki.

Mun ji wasu dattawanmu suna cewa ba za su bari ɗansu ya fara rayuwa da bashi a wuya ba. Ba mu raina wannan tsoro ba. Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin gwauruwar nan ta zamanin Elisha, wadda mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Lamuni bashi ne, wanda ya ci kuwa dole ya biya, kuma Kirista ba ya cin bashi da niyyar gudu. To amma mu dubi abin da ake yi in an ƙi shi. Uba ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi a kan shinkafar da ba a yanka ba, a kaka a kwashe buhunan a farashin wulaƙanci. Ko a jinginar da gona. Ko kuma yaron ya zauna. Idan aka auna waɗannan da bashin da babu ruwa, wanda ba a tambaya sai an gama karatu, mu dai muna ganin lamunin ya fi sauƙi, muddin yaron ya san abin da ya sa wa hannu.

Haka nan kada a manta da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Wannan tallafi yakan bi takardar shaidar ƙaramar hukuma. 'Yan'uwanmu na ƙasar Zuru da Yawuri da sauran 'yan asalin jihar nan haƙƙinsu ne su nema a nan. Waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo daga Kaduna, Filato, Binuwai ko kudu kuwa, su nemi takardar tun da wuri a jiharsu ta asali, kada sai an buɗe nema a fara neman kuɗin mota.

Yanzu mu juyo kan kanmu. Ikilisiyoyinmu sun gina jami'o'i. ECWA ta kafa Jami'ar Bingham a Karu a 2005, Katolika suna da Veritas a Abuja, Baftis suna da Bowen a Iwo. Abin godiya ne. Mun kuma san gwamnati ba ta biyan albashin malamansu, shi ya sa kuɗinsu ke da yawa, lamunin gwamnati kuma bai shafi ɗalibansu ba. Amma baikon manomi da na mai sayar da ƙosai yana cikin tubalin waɗannan gine-gine. Ya kamata kowace jami'ar ikilisiya ta ware gurabe domin marasa hali, ta buga adadinsu a fili, a karanta a majami'un karkara kamar yadda ake karanta sanarwar gudummawa. Wannan ba mafarki ba ne. A jihar Kentaki ta Amurka akwai kwalejin Berea, wadda wani mai wa'azi, John Fee, ya kafa a 1855, tun ana cinikin bayi, ya haɗa baƙaƙe da farare, maza da mata, a aji ɗaya. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin koyarwa. 'Ya'yan marasa hali take ɗauka, kowane ɗalibi kuma yana yi wa makarantar aiki aƙalla awa 10 a mako. Gudummawar da aka tara aka juya shekara da shekaru ita ke riƙe da ita.

Ba sai mun jira manya ba. Lamunin gwamnati ba ya fitowa ranar da aka nema, sai makaranta ta tantance sunan ɗalibi. Kafin nan akwai kuɗin karɓar gurbi, da na mota, da katifa, da abincin makonnin farko. A wannan ɗan tsakanin ne yawancin 'ya'yanmu ke faɗuwa, kuma nan ne ikilisiya za ta iya tare su. Ba a ce mu ɗauki nauyin shekara huɗu ba. A tsallakar da yaro wannan mataki na farko kawai.

Don haka muna ba da shawara kowace ikilisiya, ta ECWA ce, ko UMCA, ko Angilikan, ko Katolika, ko Baftis, ta buɗe asusun ilimi dabam da asusun gini. A lokacin godiyar kaka a ware masa rabo. Mai noman rani ya kawo buhu, mai albashi ya kawo abin da ya sauwaƙa, mai kifi ya kawo nasa. A naɗa mutum biyar masu tsoron Allah, biyu daga cikinsu mata, su riƙe shi, su karanta lissafi gaban jama'a sau biyu a shekara.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda za a raba. Mun saba ba da kyauta ga wanda ya zo na ɗaya. Ba laifi, amma sau da yawa na ɗayan nan ɗan gidan da ake da wutar karatu da kuɗin darasi ne. Yarinyar da ta fito daga makarantar ƙauye, ta ɗebo ruwa ta yi surfe kafin ta buɗe littafi, ta kuma ci jarrabawa, ita ma gwarzuwa ce ko da makinta bai kai nasa ba. Duk wanda ya sami gurbi ya riga ya nuna ƙoƙarinsa. Daga nan sai a duba buƙata: maraya, ɗan gwauruwa, ɗan wanda ambaliya ta cinye gonarsa kamar yadda ta yi wa manoman jihar nan a 2020, ɗan mai bishara a ƙauye. Kada a duba ɗan wane ne, ko wace kabila, kuma kada a ce a fara da maza tukuna. A yi binciken cikin sirri, don kada neman taimako ya zama tonon asirin gida.

Daga ƙarshe, kowace ikilisiya tana da malami ko ma'aikaci da ya san kan waɗannan takardu. A ba shi aikin zama da 'yan aji shida na sakandare da iyayensu tun kafin a fara sayar da takardar JAMB, ya taimake su zaɓe da cikawa. Ya kuma gargaɗe su a kan 'yan damfara. Neman lamunin nan kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ko lambar sirri ta banki don ya samo wa yaro tallafi, ɓarawo ne.

'Yan'uwa, masu mishan da suka zo ƙasar nan sun koya wa kakanninmu karatu ba don suna da abin biya ba. Yawancin waɗanda ke zaune a kujerun gaba a majami'unmu yau, wani ne ya biya musu. A zaman dattawa mai zuwa, a kawo sunayen yaran da suka ba da shaida bara, a tambaya ina kowannensu yake. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.