A Tantance Ƙirƙira Kafin A Buga Hatimi

Masuncin da ke bakin madatsar ruwan Challawa a Karaye, da manomin Rogo da ke buga waya Dawanau don jin farashin masara, ba lalle ba ne su san cewa akwai ladan fasaha a cikin kuɗin wayar da ke aljihunsu. Kamfanonin da suka ƙirƙiro hanyoyin sadarwar salula suna riƙe da takardun mallakar fasaha. Mai ƙera waya yakan biya su, shi kuwa ya ɗora wa mai saye.

A watan Nuwamba 2025 kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya kai ƙarar Transsion, mai ƙera Tecno da Itel da Infinix, a kotunan Nijeriya da Indiya da Burazil, bisa zargin amfani da fasaharsa ba tare da lasisi ba. Waɗannan kuwa su ne wayoyin talaka.

Babu shakka wanda ya sha wahalar ƙirƙira ya cancanci ladansa. Amma a irin wannan shari'a tambayar da takan gagara ita ce: abin da aka ba wa takarda sabon abu ne na haƙiƙa, ko kuwa duk wani gwanin injiniya zai iya hango shi daga ilimin da ke hannu? Dokar Nijeriya ta 1970 ta ce na biyun bai cancanci takarda ba. Sai dai kuma ita wannan dokar ba ta ɗora wa Magatakarda binciken haka ba. Takardun neman kawai yake dubawa. In sun cika ya buga hatimi, mallaka ta tabbata har shekara 20. Wanda bai yarda ba sai ya nufi Babbar Kotun Tarayya, in yana da kuɗin lauya.

Ko a Amurka, inda ake bincike tun farko, akan yi tuntuɓe. A 2006 masu wayar BlackBerry sun biya kamfanin NTP dala miliyan 612.5 don kashe wata shari'a, alhali ofishin da ya ba da takardun ya riga ya fara ƙin amincewa da su bayan ya sake dubawa. To, ina ga inda ba a dubawa sam?

Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara dokar 1970, ta wajabta bincike kafin hatimi. Gwamnati kuma ta ɗauki injiniyoyin sadarwa daga jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, ta horar da su wannan aiki, a kuma ba alƙalai damar neman shawararsu.