Sulke na Saye, Lifidi na Gida

Wanda ya taso daga Matamaye zai je Damagaram, in ya wuce Takeita sai ya ratsa Tirmini. A nan ne, a ƙarshen Yulin 1899, mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka gwabza da ragowar rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine. Harsashi ya rinjayi doki, Faransawa suka shiga birni. Tun daga ranar kayan yaƙin barade suka fara zama kayan ado.

Iri biyu ne kayan, kuma asalinsu ba ɗaya ba. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna, galibinsa ta Sahara yake zuwa a bayan raƙuma, daga Masar da kasuwannin Tarabulus. Tsadarsa ta sa sai sarki ke ba da shi ga wanda ya yarda da shi. Lifidi kuwa ɗan gida ne: saƙi ake ɗinkewa ninki biyu, a cusa auduga ko audugar rimi, a yi wa doki da mahayi sutura har kibiya ta rasa wurin shiga. Yana da nauyi, yana da zafi, kuma wuta ce ajalinsa, shi ya sa maharba kan cinna wa kibiya wuta kafin su saki. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali a Kano.

A Damagaram, Sarki Tanimun ne ya kai wannan sha'ani ƙololuwa kafin rasuwarsa a 1884. Ya sayi bindigogi daga Arewa, amma bai tsaya ga saye ba. Ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin birninsa, ana haɗa albarushi a gida. Ya kewaye Birni da ganuwar ƙasa mai kauri, ikon Damagaram ya miƙo kudu har ƙasar Kance, inda Matamaye take.

To, a duba abin da ya rage. Sulken da zobensa ya ɓalle, da wuya a sami mai gyara shi, sai dai a adana a fada ana nuna wa baƙi. Lifidi kuwa har gobe yana fita hawan Sallah da sababbin launuka, domin akwai masu ɗinka shi. Abin da hannun mutanen gari ya iya ba ya ƙarewa don ya tsufa, sabo ake yi. Ni a ganina mun fi yawan yabon sulke don ya zo daga nesa, alhali lifidin ne shaidar abin da kakanninmu suka iya.

Gini ma haka. Ganuwar Tanimun ta zube sai ɗan guntaye, don an daina yi mata yaɓe, damina kuma ba ta jiran kowa. Fadar Sarkin Damagaram tana tsaye saboda ana zaune a ciki, ana gyara. A 2006 Nijar ta sa tsohon Birni cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO, Agadas kuma ta samu tata a 2013. Takarda dai ba ta murza tubali.

A Matamaye yau mai hali bulo da kwano yake ginawa, in bazara ta zo ya kwashe shimfiɗa ya koma tsakar gida. Ba na ganin laifinsa, soro yana cin yaɓe duk shekara, azara kuma ta yi wuya tunda giginya ta ragu. Sai dai maginan da suka san yadda ake ɗaure bakan gizo, a jiƙa makuba, a fitar da zanko a kan zaure, yawancinsu furfura ta cika musu kai. Samarin da ya kamata su riƙa miƙa musu ƙasa suna koyo, da dama sun tafi cin rani Kano, wasu har Aljeriya, suna kwaɓa siminti.