Mu Karanta Abin Da Aka Bar Mana, Mu Rubuta Abin Da Muka Gani

Jama'ar Sabon Birni da Isa, na Gatawa da Unguwar Lalle da Bafarawa, da 'yan uwanmu da suka ƙetara Gidan Runji da Maraɗi neman mafaka, ina kiranku zuwa ga littafi. Na san wani zai ce mutumin da aka raba da gonarsa ina shi ina karatu. Ku saurare ni tukuna.

Kwanan nan na karanta Labarin Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba. Ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta, aka fara buga shi da Turanci a 1954. Wurin da ya hana ni barci shi ne inda take faɗin yadda mahara ke auka wa ƙauye su kwashe mata da yara, dangi su bazama cigiyar inda aka kai su, a yi ciniki, a tara wuri a fanso su. Jikina ya yi sanyi, domin hirar da ake yi yau a tashar motar Isa ke nan, sai dai doki ya koma babur, wuri ya koma naira da jarkokin fetur. Baba ta rasu a 1951, amma har yau ana ambaton waɗanda aka kama a gidansu, saboda an rubuta.

Sai kuma Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, wanda ya ratsa dajin Gundumi a 1853 daga Katsina zai tafi Sakkwato. Ya ba da labarin yadda ayarinsu ya yi tafiya yini da dare ba a sauke wa dabbobi kaya ba, don tsoron mahara. Dajin nan dai da direbobinmu ba su shiga sai sun tofa addu'a. Maharan da ayarin ke gudu kuwa Gobirawa ne, kakanninmu, a lokacin da wutar yaƙi tsakaninsu da Sakkwato ba ta mutu ba. Wannan ya yi mini ɗaci, amma gara na sani. Wanda ya karanta shi zai yi wuya ya yarda da mai cewa ta'addanci a jinin wata ƙabila yake.

Ku nemi Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, akwai fassararsa da Hausa. Ku nemi Tazyinul Waraƙati na Abdullahi Fodiyo, da Raudatul Afkari na Abdulƙadir ɗan Tafa mai jera sarakunan Gobir. Labarin ƙasarmu ne a ciki: yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, da faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Sarki Yunfa a 1808. Tun kafin nan, da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya haɗu da Bawa Jan Gwarzo a Magami, ƙin karɓar kyautar sarki ya yi, ya roƙi a saki fursunoni a kuma sassauta wa talakawa haraji. Yau wa ke aza wa ƙauye haraji kafin ya bari a yi shuka, ya sake aza wani kafin girbi? Wa ke riƙe da fursunoni a daji? Amma ku lura, waɗanda suka yi nasara ne suka riƙe alƙalami. Abin da matar Alƙalawa ta gani ranar da birni ya ci wuta ba ya cikin waɗannan shafuka. Ya zauna a bakin tsofaffi da makaɗa, kowane aka binne an binne shi da nasa kason.

Kada a maimaita wannan a kanmu! An kashe mutane da dama a Garki da ƙauyukan kewayenta a watan Mayun 2020. An ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021. An sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a hannun masu garkuwa a Agustan 2024. Jarida ta ba da adadi ta wuce. Sunayen mamatan, da marayun da suka bari, da ranar da kowane ƙauye ya watse, mu kaɗai muka san su.

Malaman makaranta, ku sayi littafin rubutu ku buɗe wa kowane ƙauye shafinsa. Malaman zaure, ajami ya isa, ba sai da boko ba. Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in kun zo hutu ku zauna gaban kakanninku da waya ku naɗi muryarsu, ku tambaye su Gobir ta da da ta yanzu. 'Yan mata, ku ne za ku shiga ɗakunan iyayenmu mata da ke gudun hijira, domin akwai abin da ba za su taɓa faɗa wa namiji ba. A je ruga ma, a ji daga bakin makiyayin da aka kore wa shanu. Kada a zuba wannan a Facebook inda zai jawo wa mai magana bala'i. A sakaya sunan mai rai in yana tsoro, a adana, a kai kwafe Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

Wanda ke da ɗaya daga cikin littattafan da na ambata ya fito da shi daga adaka, ya kai majalisa bayan la'asar a karanta da ƙarfi, wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. Masu zuwa neman ƙuri'armu kuma mu gaya musu muna son ɗakin karatu mai littattafai a Sabon Birni, wani a Isa, su faɗa mana ranar da za a buɗe.